Wa ya san Arrested Development? Na tsinci albam ɗinsu na farko a kayan kawuna

Sadiku_Kd:

Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah tambaya gare ni ga manyanmu na wannan zaure, musamman waɗanda suka yi samartakarsu wajajen 1992 zuwa 1995.

Kawuna ƙanin mamata ya rasu wata 4 ke nan. Satin da ya wuce aka ce mu je mu kwashe kayan ɗakinsa, to a ƙarƙashin gado sai na jawo wata tsohuwar akwatin ƙarfe cike da kaset-kaset, sun fi 40, yawancinsu na wa'azi ne sai na Shata da Ɗan Maraya, amma akwai guda ɗaya TDK mai minti 90 da ya yi wa rubutu da jan biro: Arrested Development, 3 Years, 5 Months and 2 Days in the Life Of... Sunan ma layin bai ishe shi ba sai da ya lanƙwaso rubutun ƙasa ya ƙarasa a gefe.

Na aro rikoda wajen mai gyaran rediyon layinmu na saka. Ni dai gambarar Amurka da na sani ita ce ta yanzu, sai su Tupac da Biggie da kowa ya sani, amma wannan wallahi daban take, mata na amshi, wani na busa, ana dariya ana shewa a bayan kiɗan kamar biki ake a tsakar gida, ba zage-zage ba harbe-harbe. Turancin ne dai ban kama duka ba, sauri suke kuma lafazin nasu wani iri.

To su waye waɗannan mutanen? Me ya sa sunan albam ya yi tsawo haka kamar lissafin zaman gidan yari? In har sun yi tashe me ya sa ni ban taɓa jin ko sunansu ba sai yanzu? Sannan waƙar People Everyday sau biyu take a kaset ɗin, ɗaya a farko-farko mai sanyi, ɗaya a can ƙarshen gefe na biyu mai zafi kuma da alama daga rediyo ya ɗauke ta don har muryar mai gabatarwa ta ɗan shigo. Wacce ce ta ainihi?

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne waƙa ta kusa da ƙarshe, Tennessee. Daidai wurinta sautin ya dusashe yana ja yana rawa, sauran kaset ɗin kuwa garau. Mai gyaran rediyo ya ce alamar nan aka fi maimaitawa ke nan. Ina so in san me waƙar ke cewa da har kawu ya cinye zaren a kanta. Na gode.

Tsohon_Dije:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan kawu ya sa ya huta, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi. Ina karanta rubutunka sai da na ajiye wayar na yi shiru na ɗan lokaci, don irin kaset ɗin nan ni ma na riƙe shi a Jos ina ƙarshen sakandare, kuma shi ma kwafi ne, wajen wani yayan abokina muka kai blank aka zuba mana.

A Atlanta aka kafa ƙungiyar, jihar Jojiya, a 1988. Mutum biyu ne tushenta, Speech wanda sunansa na yanka Todd Thomas, da Headliner mai juya faifai, a makaranta suka haɗu a can Atlanta ɗin. Dogon sunan da ka gani ba zaman gidan yari ba ne, lissafin tsawon lokacin da suka yi suna buga-buga ne kafin wani kamfani ya yarda ya sa hannu da su, shekara 3 da wata 5 da kwana 2. Kamfanin Chrysalis ne ya ɗauke su, albam ya fito a watan Maris 1992, lokacin Speech yana da shekara 23 kacal.

Sai ka san yadda gari yake a lokacin kafin ka gane me ya sa suka girgiza mutane. Gambara a hannun New York da Los Angeles take, kuma wadda ke ta ƙara ƙarfi ita ce ta su N.W.A da Ice Cube, labarin bindiga da ƙwaya da 'yan sanda. Wata ɗaya da 'yan kwanaki bayan fitowar albam ɗin nan, ƙarshen Afrilu 1992, Los Angeles ta kama da wuta saboda kotu ta wanke 'yan sandan da duk duniya ta gani a bidiyo suna jibgar Rodney King. A cikin wannan hayaƙin sai ga wasu sun ɓullo daga kudu, maza da mata, da tufafi irin na Afirka da wandunan manoma, bidiyonsu a karkara ana zaune a barandar gidan katako, yara na wasa a ƙasa. Har da dattijo a cikinsu, Baba Oje, wanda a lokacin ya kai wajen shekara 60, ba ya rap, shi dai uban ƙungiya ne yana tsaye ko yana taka rawarsa a hankali. Mu a nan abin da ya fara kama mu ke nan, don ba mu taɓa ganin 'yan gambara sun ajiye tsoho a tsakiyarsu suna girmama shi ba. Ya rasu a 2018.

Yanzu Tennessee. A Milwaukee aka haifi Speech, can arewa, amma duk hutun bazara ana kai shi wajen kakarsa a jihar Tennessee, wani ɗan gari Ripley. Kakar ta rasu, ya je jana'iza ya haɗu da yayansa a can, ba a jima ba shi ma yayan ciwon asma ya tashi masa ya rasu. Rabuwarsu ke nan, a wajen binne kaka. Daga nan ya zauna ya rubuta waƙar, kuma daga farkonta har ƙarshe addu'a ce, mutum ne yake magana da Ubangijinsa yana cewa na gaji, kaina ya kulle, ka kai ni wani wuri in samu sauƙi, kuma wurin da zuciyarsa ta nuna masa shi ne Tennessee.

Amma ba nan ta tsaya ba, shi ya sa ta zama abin da ta zama. Ka san kudancin Amurka nan ne ƙasar bauta da gonakin auduga, kuma bayan an soke bautar ma an ci gaba da kama baƙar fata a rataye shi a bishiya ba shari'a ba komai, jama'a na kallo. Wannan da talauci suka sa baƙaƙe wajen miliyan 6 suka bar kudu zuwa biranen arewa da yamma daga wajajen 1910 zuwa 1970. Wato kakannin yawancin mawaƙan New York da Chicago da Los Angeles daga kudun suka gudo, kuma da yawa ba sa son tuna can. Sai ga yaro ya ce shi can zai koma neman waraka, ya bi hanyoyin da kakanninsa suka bi, ya hau bishiyoyin da aka rataye su a kai. A bidiyon ma, wanda baƙi da fari ne, an nuna hotunan ratayar. Ka ga gida ne kuma maƙabarta ce a lokaci guda, kuma bai ɓoye ko ɗaya ba. Muryar macen da ke tashi sama a ƙarshen waƙar kamar kuka, Dionne Farris ce.

Tashe kam sun yi shi. Tennessee ta kai ta 6 a jadawalin Billboard, People Everyday ta 8, Mr. Wendal ta 6, albam ya sayar da kwafi miliyan 4 a Amurka kaɗai. A Grammy na 1993 suka ɗauki kyauta 2, ɗaya ta Tennessee, ɗaya ta sabon tauraron shekara, kuma su ne 'yan gambara na farko da suka taɓa cin wannan ta biyun. Ban san me kawunka ya ji a waƙar ba, amma ni ranar da aka binne mahaifiyata a 2004 da na dawo ɗaki da daddare amshinta ne ya dinga yawo a kaina, alhali na yi shekaru ban saka ta ba.

Maman_Hanan:

Allah ya gafarta wa kawu, Sadiku. Ka riƙe kaset ɗin nan da kyau ɗana, rubutun hannunsa ma kaɗai abin ajiyewa ne.

Yaya Dije ya gama magana a kan Tennessee, ni bari in taɓo wadda maza ba su cika ambata ba, ta biyu a jerin, Mama's Always on Stage, wadda ka ji ana busa a cikinta. Ina jami'a a Zariya na fara jin ta a ɗakin wata ƙawata 'yar Kaduna, rawa kawai muke takawa don kiɗan na da zafi, ban damu da me ake cewa ba. Sai bayan shekaru da aurena na farko ya mutu na dawo gida da yara 2 sannan na zauna na saurare ta da kunnen basira. Magana ce da yarinya mai ƙarancin shekaru da ke rainon ɗa ita kaɗai uban ya gudu, yana ce mata idon kowa na kanki ba ki da ranar hutu, kawo yaron in riƙe miki, kuma duk wani juyin juya hali da ake ta kururuwa ba zai yiwu ba in babu mata da yara. A zamanin da rabin waƙoƙin gambara sunan da suke kiran mace ba ya faɗuwa a gaban manya. Wallahi na yi hawaye ranar, ina wanki ne ma a tsakar gida da 'yar rediyota a kan turmi.

Mr. Wendal kuma labarin wani mai kwanan titi ne, mai cin abin da ya tsinta a bola. Mawaƙin ya miƙa masa dala 2 yana cewa a wajena kuɗin abin taɓawa ne amma a wajenka babban abu ne, sannan ya tsaya suka yi hira, kuma abin da waƙar ke nanatawa shi ne mutumin nan yana da suna amma ba wanda ya damu ya tambaya. Ba a baki kawai suka tsaya ba, rabin kuɗin da waƙar ta kawo sun ba wata ƙungiyar ƙasa mai fafutukar marasa matsuguni a Amurka. Akwai wani dattijo da ke zama a gindin fitilar kan hanyar da nake bi zuwa aiki, na fi shekara ina miƙa masa canji ta taga ban taɓa kallon fuskarsa sosai ba, waƙar nan ce ta sa wata rana na faka na gaishe shi na tambayi sunansa da garinsu. Yanzu in ban gan shi kwana biyu ba sai na tambayi masu shayin wurin.

Wuri ɗaya dai ban yarda da Speech ba a waƙar, inda yake nuna kamar shi Wendal ya fi mu 'yanci tunda ba ya biyan haya ba ya da ubangida. A'a. Wanda ya taɓa ganin mutum na rawar ɗari a kan kwali cikin hunturu ba zai kira wannan 'yanci ba. Yaro ne ɗan 23 da ya taso gidan rufin asiri, iyayensa ma jarida gare su a Milwaukee, niyyarsa mai kyau ce amma a nan ya ɗan zarme.

Ka kuma saurari Fishin' 4 Religion a natse. Kuka yake da irin cocin da ya taso yana gani, masu ce wa talaka ya yi ta haƙuri yana jiran lahira alhali ba sa taɓuka komai a kan zaluncin da ke gabansu. Ba addini yake zagi ba, mutumin da ya rubuta Tennessee ai ba zai zagi addini ba, shugabannin yake tuhuma.

Ɗan_Fagge:

Allah ya jiƙan kawu. Yaya Dije da Anti, da girmamawa, duk abin da kuka faɗa haka ne amma kun bar wa yaron nan tambayarsa guda ba amsa, wato in sun kai haka me ya sa bai taɓa jin su ba. Ni ina da amsa kuma ba za ta yi wa masoyansu daɗi ba.

Na farko kar Sadiku ya ɗauka su suka fara gambarar wayar da kai. The Message ta su Grandmaster Flash tun 1982 take. Public Enemy sun fito da albam na farko a 1987, na biyunsu na 1988 kuwa har yau ban ji abin da ya kamo shi wajen zafi ba. KRS-One na nan, Jungle Brothers da De La Soul da A Tribe Called Quest duk sun riga su saka kayan Afirka da sassauta kiɗa. Kudu ma ba su suka buɗe ta ba, Geto Boys na Houston sun riga su, kuma Mind Playing Tricks on Me ta 1991 ta fi waƙoƙi da yawa na masu wa'azi nuna abin da titi ke yi wa ƙwaƙwalwar mutum.

Na biyu, kuma nan ne matsalata, ku koma ku saurari People Everyday da kyau. Yana yawo da budurwarsa a wurin shaƙatawa, wasu 'yan unguwa da suka sha suka yi tatul suka fara yi musu ba'a har ɗaya ya kai hannu jikinta, shi kuma ya yi wa ɗayansu duka. To ba laifi, kowa zai kare mace. Amma dubi yadda ya raba mutane gida biyu, shi da irinsa ya kira su 'yan Afirka, su kuma waɗancan ya kira su da kalmar nan ta cin mutunci da turawa ke kiran bayi da ita. Wato mu masu ilimi da tufafin gargajiya mu ne na kirki, ku 'yan kwalba kuwa ga sunanku. Yaron da ya taso a lungun da ba aiki ba makaranta in ya ji haka me kake so ya ji? Ai ji zai yi ana nuna shi da yatsa daga sama. Chuck D na Public Enemy in zai yi faɗa da hukuma yake yi, ba da ɗan uwansa talaka ba.

Sannan 'yan jarida, galibinsu turawa, suka rungume su hannu bibbiyu. A ƙuri'ar masu sharhin waƙa ta jaridar Village Voice albam ɗin ne ya zo na 1 a 1992. Aka mai da su sandar dukan sauran, ana cewa kun ga irin gambarar da ta dace, ba ta 'yan daba ba. Ba laifinsu ba ne kacokan amma ya raba su da titi, kuma gambara in titi ya sake ka to ka saku. Disamba 1992 Dr. Dre ya saki The Chronic, shekara ta zagayo Snoop da Wu-Tang suka fito, 1994 ga Nas ga Biggie. A wannan 1994 ɗin Arrested Development suka fito da na biyu, Zingalamaduni, bai yi kasuwa ba ko kusa da na farko, rigima ta shiga tsakaninsu, 1996 suka watse. Shekara 4 ke nan daga sama har ƙasa.

Waɗanda suka ɗora Atlanta a kai suka tafi da ita OutKast ne da Goodie Mob, 1994 da 1995, don su daga cikin unguwa suke magana, suna faɗin laifin kansu da na gwamnati a baiti ɗaya ba tare da sun ware kansu a matsayin na kirki ba. Kuma a faɗi gaskiya, wajen iya jera kalma Speech matsakaici ne, ba za ka sa shi layi ɗaya da gwanin gambara Rakim ba. Tennessee dai na sara mata, wannan ko maƙiyinsu ya san waƙa ce.

Injiniya_Bit:

Allah ya yi masa rahama. Ni aikin situdiyo nake, bari in amsa ta People Everyday.

Duka biyun nasu ne. Mai sanyin da ke ta 3 a jeri ita ce ta cikin albam, tana da ɗan salon rege. Mai zafin rimis ce da suka sa wa suna Metamorphosis Mix, ita aka yi wa bidiyo, ita gidajen rediyo suka dinga sakawa, ita ce kuma ta kai ta 2 a Ingila. Mutane da yawa sun sayi albam saboda ita suka tarar da wata daban. To kawunka da ya ga albam ɗin bai kai awa ɗaya ba kaset kuma minti 90 ne, sai ya jira ta a rediyo ya cike sauran zaren da ita. Mai kunne ne, Allah ya jiƙansa. Amshin kuma daga Everyday People ta Sly and the Family Stone ta 1968 suka juyo shi.

Speech ne da kansa ya haɗa kiɗan albam ɗin, kuma in kana da iyafis mai kyau za ka ji yawancinsa tsakure ne daga tsofaffin faya-fayai aka jera a kan ganga. Busar da Anti ta ambata a Mama's Always on Stage daga faifan su Junior Wells da Buddy Guy aka yanko ta, tsofaffin masu kiɗan bulus (blues) na Chicago, shi ya sa take da ƙamshin kudu. Abin da nake koya wa yarana a situdiyo daga albam ɗin nan shi ne yadda ya bar hayaniyar mutane a ciki, dariya, kiran suna, wata ta tsoma baki tana tsokana, bai goge ya mai da shi fes ba. Shi ne abin da ka ji kamar biki a tsakar gida.

Akwai darasin kuɗi kuma. Kalmar Tennessee ɗin nan da ake ta maimaitawa a waƙar muryar mawaƙi Prince ce, daga waƙarsa Alphabet St. aka yanko ta, kalma ɗaya tak, kuma ba su nemi izini ba. Speech da bakinsa ya ba da labari a hirarraki cewa sai da waƙar ta gama hawa jadawali sannan aka aiko musu daga wajen Prince, dala 100,000 suka biya. Kuma ya ce yana ganin an yi musu sauƙi, don da ya so zai iya neman kaso a mallakar waƙar ko ya sa a janye ta daga kasuwa. Dama a ƙarshen 1991 kotu ta riga ta yanke wa Biz Markie hukunci a kan irin wannan, daga nan tsakure ya zama abu mai tsada, kuma yana cikin dalilan da suka sa irin wannan kiɗa mai tarin yanke-yanke ya ja baya.

Shawara Sadiku, ka daina saka kaset ɗin a rikodar aro haka nan. Zaren da ya haura shekara 30 in robar da ke jansa ta yi datti za ta tauna shi, kuma daidai wurin da ya yi laushi zai tsinke. A sa auduga da sifirit a goge kan rikodar da robar, ka juya zaren da biro a hankali daga farko har ƙarshe don ya saki, sannan a haɗa waya daga rikoda zuwa kwamfuta a ɗauke shi sau ɗaya da manhajar Audacity, kyauta ce. Albam ɗin kam yana intanet garau, amma wanda ya dusashe a Tennessee da muryar mai rediyon nan babu shi ko'ina sai hannunka.

Tsohon_Dije:

Ɗan Fagge ƙanena ka yi magana, kuma rabinta na karɓa. Ban ce su suka fara ba, kuma maganar 'yan jarida sun mai da su sanda gaskiya ce, mu ma a lokacin mun ji ana yi. Amma a People Everyday ka tsallake wani abu, mutumin sai da ya yi ta kau da kai yana roƙon a bar shi, yana cewa a ransa waɗannan 'yan uwana ne ba na son faɗa da su, sai da aka taɓa yarinyar.  Ni ban ji wa'azi daga sama ba, na ji mutum yana jin ciwon abin da ya yi. Kalmar dai da ya raba mutane da ita, ko ni yanzu da na girma ba ta yi min daɗi, a nan ina tare da kai.

Maganar titi ya sake su kuma, to titin wa? Matan da ke raino su kaɗai da Maman Hanan ta faɗa ai su ma 'yan titin ne, masu kwana a kwali ma haka. Spike Lee da zai yi fim ɗin Malcolm X a 1992 su ya nema suka yi masa waƙar Revolution, shi ma ba baturen jarida ba ne. Kamfanoni sun ga inda kuɗi ya fi sauri suka karkata can, rigimar cikin gida ta ƙarasa sauran. Sun dawo a 2000 ba tare da Headliner ba, suna ta fitar da albam suna zagaya duniya, Japan ma ta riƙe Speech sosai lokacin da Amurka ta juya masa baya. Wajen jera kalma kuwa ban musa maka Rakim ba, amma ni ban taɓa neman Rakim ranar makoki ba.

Sadiku_Kd:

Na gode ƙwarai Yaya Dije, Anti, Yaya Ɗan Fagge da Injiniya, Allah ya saka da alheri, amin ga addu'o'inku. Na nemo kalmomin a intanet na bi su layi-layi ina saurare, sai yanzu na ji abin da kuke nufi, har wurin da kuke gardama a People Everyday, ni dai na fi karkata wajen Yaya Ɗan Fagge a kan kalmar nan amma Tennessee ta riga ta kama ni, jiya sau 5 na saka ta.

Da daddare na kai wa mama wayar na kunna mata ba tare da na ce komai ba. Ana fara kiɗan ta ajiye tsintar shinkafar da take yi ta ce kai ina ka samo wannan, sai ga ta tana bin amshin da hanci, ita da ba ta jin Turanci sosai. Ta ce duk ranar Asabar kawu yakan fito da rikoda ƙofar gida ya ɗora a kan benci yana wanke Vespa ɗinsa, in waƙar ta ƙare sai ya goge hannu a wando ya mayar da ita baya, har kakanmu ya dinga yi masa faɗan batir. Na tambaye ta ko ta san me ya sa yake son ta haka, ta ce bai taɓa faɗa ba kuma ba wanda ya tambaye shi. Na gaya mata labarin kakar Speech da yayansa kamar yadda Yaya Dije ya bayar, ta yi shiru, can ta ce in sake saka mata.

Injiniya na mayar da rikodar aron tun da safe. Mai gyaran ya ce yana da wata Sony da ya canza wa roba kwanan nan, ranar Asabar zan je da laftof ɗin abokina. Wace irin waya zan saya ta haɗawar, mai kai ɗaya ko mai ja da fari ɗin nan? Kuma in zaren ya tsinke a tsakiyar aiki ana iya liƙa shi ko shi ke nan?